Daga kart zuwa Formula 1: ba a tsallake matakai

Ka tambaya ko yaron da ya yi fice a tseren kart, wato ƙananan motocin da yara ke fara tsere da su, zai iya wucewa kai tsaye zuwa Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya. A'a, ba zai yiwu ba. Hukumar FIA, mai kula da tseren motoci a duniya, ba ta barin kowa ya shiga sai da babban lasisinta, shi kuwa yana bukatar maki 40 da aka tara cikin shekara uku, da shekara 18 da haihuwa, ko da yake tun 2024 ana iya ɗaga wa ɗan 17 ƙafa. Yaro kan shiga Formula 4 (F4), matakin da ke bin kart, yana ɗan 15, daga nan sai F3 da F2. Zakaran F4 na samun maki 12, na F3 30, na F2 40. An tsaurara dokar ne bayan Max Verstappen ya fara a 2015 yana ɗan 17.

Amma maki kaɗai ba sa ba da kujera. Oscar Piastri ya ci gasar matasa ta Formula Renault a 2019, F3 a 2020, F2 a 2021, duk da haka ya yi 2022 yana direban ko-ta-kwana kafin ƙungiyar McLaren ta Formula 1 ta ɗauke shi. Inda yaran kart suka fi tuntuɓe kuma shi ne birki. A motar Formula da ke da fukafukai, iska ce ke danne ta ƙasa, don haka ana taka birki da ƙarfi tun farko, a riƙa sassautawa yayin da gudu ke raguwa. Wanda ya ci gaba da dannawa, tayar gaba za ta ƙulle, robarta ta goge a wuri ɗaya, sitiyari ya yi ta karkarwa har ƙarshen tsere.