Zauren biki a Maradi: a bar wa mai wuri komai?

Hajiya, kin tambaya ko ki bar wa mai zaure abinci, kujeru da kayan sauti gaba ɗaya. Ban ba ki shawara ba, don in ya makara komai ya tsaya. Karɓi wuri da kujeru a hannunsa, ki tabbatar akwai janareto da mai, saboda wutar NIGELEC takan ɗauke a zafin Afrilu da Mayu, ƙanƙara ta narke, lemo ya ɗumame. Abinci kuwa ki raba: matan unguwa su dafa shinkafa, mahauci ya kawo nama a auna a gabanki. Wasu masu zaure sukan nemi ƙarin kuɗi kan abincin waje, to a rubuta wannan a takarda tun ba ki biya kafin alƙalami ba.