Tambaya da Amsa: Fitilar da za ta nuna injin filaf yana aiki a jirgin da aka haɗa a gida

Tambaya: Malam, ina zaune a Amurka, kuma ni na haɗa ƙaramin jirgina mai kujera biyu, samfurin RV-7 na kamfanin Van's. Filaf ɗinsa na lantarki ne. Makunnin da na sa, idan na tura shi sama yakan tsaya a can sai na dawo da shi da hannu. Sau biyu ke nan ina mantawa bayan tashi, sai da na sauka na kashe babban inji na ji injin filaf yana ta gurnani. Ina so in sa fitilar da za ta gargaɗe ni. Yaya zan haɗa ta?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara kiyayewa. Ga masu karatun da ba su san abin ba, filaf shi ne ɓangaren da ke gefen baya na fiffike, wanda matuƙi ke saukarwa domin jirgi ya iya tafiya a hankali wajen sauka. A irin jirginka ƙaramin injin lantarki ne ke tura sanda ta sauke shi, ya kuma ja ta ta ɗaga shi. Yawancin tsofaffin injinan nan ba sa yanke wa kansu wuta idan sanda ta kai ƙarshe, sai dai su ci gaba da juyawa a banza. Cikin rugugin babban inji, ga abin sauraro a kunnuwanka, ba yadda za a yi ka ji. Shi kuwa yana ta ɗaukar zafi, burushinsa, wato 'yan gawayin da ke kai wa ɓangarensa mai juyawa wuta, na cinyewa, man girisin da ke ciki yana narkewa yana malala inda bai kamata ba. Ranar da zai ƙi aiki kuma, ranar da kake gangarowa filin sauka ce.

Abin da ke rikita mutane a wannan aiki shi ne wayoyin injin guda biyu ba su da tsayayyen fozitif da negatif. Makunni yana juya su ne: wajen saukar da filaf wannan ce mai wuta, wajen ɗagawa ɗayar ce. Idan ka ɗauki ƙwan LED na yau da kullum ka haɗa ƙafarsa ɗaya da waya ɗaya, ɗayar da jikin jirgi, zai kama a hanya ɗaya kawai. Idan kuma ka rataya shi tsakanin wayoyin biyu, a ɗaya hanyar wuta za ta bi ta bayansa da bolt 14, alhali yawancinsu ba sa jure fiye da bolt 5 ta baya.

Mafita biyu ce. Ko ka nemi LED mai launi biyu mai ƙafa biyu, wanda a cikinsa ƙwai biyu ne suna fuskantar juna, kowanne na kare ɗan'uwansa, sai ka ga launi ɗaya wajen hawa, wani wajen sauka. Ko kuma ka sa 'yar gadar dayod (dayod shi ne abin da ke barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai), irin mai ƙafa huɗu da ake samu a shagon masu gyaran rediyo: ƙafafun shigar wuta biyu su tafi wayoyin injin, masu alamar fozitif da negatif su tafi ƙwan. Ni na fi son ta biyun, domin a sama ba ka bukatar fassara launi. Abu ɗaya kake son sani, injin nan yana shan wuta ko ba ya sha.

Sai rezisto, wato abin da ke rage yawan wutar da ke isa ƙwan, wanda ake auna ƙarfinsa da om. Jirginka na ba da kusan bolt 14 idan inji na aiki. Gada za ta cinye kamar 1.4, ƙwan ya cinye kamar 2, saura wajen 10.6. Da om 780 za ka samu miliamfa 13 zuwa 14, wanda ya ishi ƙwan ya haska sosai. A nan ne nake so ka tsaya ka lura. Kada ka sa rezisto ɗaya a bayan allon matuƙi. Raba shi biyu, om 390 a kan kowace waya, mai rabin wat, kuma ka liƙa su kusa da injin, daidai inda ka tsago wutar. Dalili kuwa, siraran wayoyin nan za su yi tafiya mai nisa ta ƙarƙashin kujera zuwa gaba. Idan wata rana ɗaya ta goge a jikin ƙarfe, reziston ne zai tare wutar. In babu shi, birekar filaf, wato abin da ke yanke wuta idan ta yi yawa, za ta faɗi, fitilar da ka sa don tsaro ta zama ita ce ta hana ka filaf. Tunda kowace waya tana zama mai wuta a nata lokacin, dole kowace ta samu nata.

Ka kuma tsago daga wayoyin injin kansu, ba daga makunni ba. Yi amfani da wayar jirgi mai rufin Tefzel, mai kauri lamba 22, ka murɗe biyun tare, ka sa zoben roba duk inda za ta ratsa ƙarfe, ka ɗaure ta nesa da sandar filaf da sandunan tuƙi. Littafin FAA, hukumar kula da harkar jiragen sama ta Amurka, mai lamba AC 43.13-1B ya yi bayanin yadda ake bi da waya, ya kamata ya kasance a kan teburinka.

Launi kuma, a harkar jiragen sama ja na abin da ke bukatar mataki nan take ne, ruwan ɗorawa na a yi hattara, kore na lafiya lau. Wannan ruwan ɗorawa ya dace da shi. Sa shi inda idonka ke yawan faɗawa, ka rubuta sunansa a ƙasa, ka gwada shi a tsakar rana, domin rufin RV garau yake kamar gilashi, rana na iya shanye hasken ƙaramin ƙwai.

Yanzu ga iyakar wannan fitila. Tana shaida cewa wuta ta isa injin, ba ta ce filaf ya motsa ba, ba ta kuma ce ga inda ya tsaya ba. Idan kana son sanin matsayinsa, sai na'urar auna matsayi irin POS-12 ta kamfanin Ray Allen, wadda ake haɗawa da allon nuna bayanan jirgi na kamfanin Dynon ko Garmin. Kuma gaskiyar magana, fitilar ba ta warkar da ciwon da ka kawo. Maganinsa ɗan makunnin iyaka ne wanda filaf zai taɓa idan ya gama hawa ya yanke wutar, tare da dayod mai ɗaukar ƙarfin injin a gefensa domin wutar saukarwa ta samu hanya. Ko kuma ka canja makunninka da mai komawa tsakiya da kansa ta ɓangarorin biyu. Da ni ne, zan sa makunnin iyakar, in bar fitilar tana gadinsa: ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu, in kuwa ta ƙi mutuwa na san ya lalace.

Idan ka gama, ka gwada a ƙasa sau da yawa, wani na tsaye yana kallon filaf ɗin dama da hagu, ka motsa sandar tuƙi zuwa kowace kusurwa ka tabbata ba ta taɓa sabuwar wayar. Sannan ka rubuta aikin a littafin jirgi, ka gyara zanen wayoyinka, ka duba takardar sharuɗɗan aikin da FAA ta ba jirginka a kan batun sauye-sauye kafin ka sake tashi.