Amsa: Ganyen monstera yana yin ruwan ɗorawa

Malama, kin ce ganyayen ƙasa-ƙasa na monstera ɗinki (shukar ado da ake ajiyewa a tukunya cikin gida) suna yin ruwan ɗorawa alhali kullum kina ba ta ruwa. To ai yawan ruwan ne. Saiwa ma tana buƙatar iska, in ƙasa ta zauna a jiƙe sai ta ruɓe. Ki cusa yatsa cikin ƙasar tukunyar kamar santimita 5, in kin ji danshi ki ƙyale ta. Ki duba ko tukunyar na da huji a gindi.

Asalinta dazukan kudancin Meziko ne, ƙarƙashin manyan bishiyoyi take tashi, shi ya sa ba ta son rana kai tsaye. Gefen taga mai labule ya isa. Ganyen da ya lalace kam ba ya farfaɗowa, ki yanke shi.