Kun Tambaya: Tsofaffin Wasannin 'Yan Sanda da Leƙen Asiri na Rediyo

Tambaya: Me ke jan mutane zuwa tsofaffin wasannin kwaikwayon rediyo na 'yan sanda da 'yan leƙen asiri, alhali babu hoto? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, rashin hoton ai shi ne jarinsu. Kunne ya ji taku a bayan jarumi, sai zuciya ta zana mai takun yadda ta fi jin tsoro. Shirin leƙen asiri Dick Barton na BBC, daga 1946 zuwa 1951, minti 15 ne kacal da yamma, kuma ana yanke shi daidai lokacin da jarumin ya shiga tsaka mai wuya, dole gobe ka dawo. Dragnet kuwa, wanda ɗan wasa Jack Webb ya fara a gidan rediyon NBC na Amurka a 1949, daga ainihin fayilolin 'yan sandan Los Angeles ake ɗauko labarinsa, a sauya sunaye.

Amma babban aikin yana hannun masu haɗa sauti. Akwai tiren tsakuwa na taku, da 'yar ƙofa mai kuba ta gaske. A murza takardar leda a gaban makirfo, gobara ta tashi. A luma wa kankana wuƙa, an soke mutum ke nan. Bindiga ce mai ba da wahala: harsashin da ba dalma ƙararsa kan fi ƙarfin makirfo, wani lokacin kuma bindigar ta ƙi tashi ana tsakiyar shiri kai tsaye. Shi ya sa ake ajiye sanda da matashin fata a kusa, a maka masa.

Tambaya: Na sauko da wasu daga intanet, amma sai shuuu, muryoyin kuma sirara kamar na yara. Ina matsalar? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ba laifin wayarki ba ne. A kan faifai mai faɗin inci 16 aka naɗi yawancinsu, kowane gefe kimanin minti 15, don haka shirin rabin awa gefe biyu yake ci. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu alminiyon ya tafi aikin yaƙi, aka koma faifan gilashi mai saurin fashewa. Ƙarar shuuu daga goguwar faifan take. Sirancewar murya kuma daga kwafi ne: an yi ta juyawa daga kaset zuwa kaset da rikodar da gudunta ya zarce. Manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce. Ki rage gudun kaɗan-kaɗan har muryar ta zauna. Kada ki matsa wajen goge shuuu ɗin, yakan tafi da takun da kukan ƙofa.

In kin ga shiri bai cika rabin awa ba, wataƙila kwafin rediyon sojojin Amurka ne, su sukan cire tallace-tallace. Ki fara da shirin Suspense na gidan rediyon CBS na Amurka, 1942 zuwa 1962. Na shekarun ƙarshe sun fi tsabtar sauti.