Tafiyar awa biyu a jirgin sama, akwai kasaru a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a Alkahira, nakan hau jirgi zuwa Jidda, awa 2 da 'yan mintoci mun sauka, ga sanyin AC ga abinci, ko gumi ba na yi. Wani abokina ya ce wai kasaru na masu tafiya a raƙumi ne, ni ban cancanta ba. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Toh ɗan'uwa, abokinka ya kalli agogo ne, su kuwa malamai nisan ƙasa suke aunawa. A mazhabar Malikiyya, haka ma Shafi'iyya da Hanbaliyya, tafiyar kasaru baridi 4 ce, wato mil 48, kilomita 80 da ɗoriya a lissafin yanzu. Tsakanin filin jirgin Alkahira da na Jidda kuwa akwai wajen kilomita 1,200, ka ga an ninka wancan fiye da sau goma ma. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Ibn Abbas yana kasaru a tafiya irin ta Makka zuwa Ɗa'if ko Makka zuwa Jidda, to ina ga wanda ya tsallako Bahar Maliya? Su Hanafiyya da suka ce tafiyar kwana 3, da takun raƙumi da na mai tafiya a ƙafa suka auna, kuma su da kansu suka ce wanda ya yanke wannan nisan da sauri hukuncinsa bai canza ba.

Maganar rashin wahala ita ce ke rikita mutane. Shari'a ta rataya hukuncin a kan ita tafiyar ne saboda wahala ba ta da ma'auni, abin da ya gajiyar da tsoho yaro ko a jikinsa. Irin wannan tunanin ai ya taɓa zuwa wa Sayyidina Umar, ya ga aya ta 101 a Suratun Nisa'i ta ambaci tsoro alhali mutane sun samu aminci, da ya tambayi Manzon Allah (SAW) sai ya ce masa sadaka ce Allah ya yi muku, ku karɓi sadakarsa. Hadisin yana Sahihu Muslim. Tunda gushewar tsoro bai ɗauke rangwamen ba, kujera mai laushi ba za ta ɗauke shi ba.

Sai dai ka kiyaye, ba a fara kasaru tun daga gida don kawai tikiti yana aljihu, sai ka fita daga gine-ginen garin, in filin jirgin ya haɗe da gari to ka cika sallarka a can har jirgi ya tashi. Azahar, La'asar da Isha'i ne ke komawa raka'a 2, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. In ka yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a Jidda sai ka koma cikawa, Hanafiyya su kwana 15 suka ce. Af, in Umara ce ta kai ka, ka ɗaura harami da niyya kafin jirgi ya gifta saitin mikati na Juhfa, kar ka bari sai an sauka.

Wallahu a'alam.