Hukuncin Sanya Hoto a Bangon Littafi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Sana'ata tsara bangon littattafai a kwamfuta. Wani marubucin yakan ce in sa fuskar mace a gaba don littafinsa ya samu shiga, wani kuma ya ce in ɗauko duk hoton da ya yi mini daga intanet. Mene ne hukuncin wannan aiki?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Hoton abin da ba shi da rai, kamar bishiya, gini ko zanen ƙawa, halal ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai cin abinci da zane ya tambayi Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, sai ya tsoratar da shi game da zana mai rai, sannan ya nuna masa ya riƙa zana bishiya da abin da ba shi da rai.

Inda malamai suka yi saɓani shi ne hoton mutum ko dabba. Imam Nawawi ya tafi a kan haramcinsa, yana da inuwa ko ba shi da ita, amma Malikiyya sun taƙaita haramcin ga sura mai jiki da inuwa wadda gaɓoɓinta suka cika, suna ganin zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle bai wuce karhanci ba. Hoton kyamara kuwa, Shehu Bakhit Al-Muɗi'i, Muftin Masar da ya rasu a 1935, ya halatta shi saboda kama inuwa ne kamar yadda madubi yake yi, yayin da Shehu Ibn Baz ya hana shi sai da larura. Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne halarci idan akwai buƙata ta gaskiya, kamar littafin koyar da yara dabbobi ko na likitanci, kuma kauce masa ya fi idan wani zanen zai wadatar.

Fuskar macen da ka ambata ba ta shiga wannan sassauci ba, domin marubucin da bakinsa ya faɗa maka manufarsa, wato a kama idon mai wucewa da kwalliyarta. Wannan tallata kaya ne da abin da Allah Ya yi umarni a runtse ido daga gare shi a Suratun Nur, kuma idan abin da ke ciki bai yi daidai da bangon ba, an haɗa da algus. Ka ba shi haƙuri, ka kawo masa wani tsarin.

Hoton intanet kuma yana da mai shi, ko da ba ka ga sunansa ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mallakar fasaha abin karewa ne a shari'a, don haka sai ka saya, ko ka nemi izini, ko ka ɗauki wanda mai shi ya saki kyauta bisa sharaɗinsa.

Ka kuma guji ɗora ayar Alƙur'ani a bango don ado kawai, domin bango ne yake fara yagewa, shi ake ajiyewa a ƙasa, har a ɗora masa kofin shayi. Wallahu a'alam.