Ƙadangare mai gemu a cikin marka: a ajiye gorar feshi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune Birnin Kebbi, gidanmu bai da nisa da fadama. Wata bakwai ke nan da na sayo ƙadangare mai gemu, irin na Ostareliya, ina ajiye shi cikin akwatin gilashi. Wanda ya sayar mini ya ce in riƙa fesa masa ruwa safe da yamma, wai ta fata yake shan ruwa. Da hunturu lafiya lau muke, amma tun da marka ta kankama gilashin ke gumi da safe. Ya rage cin abinci, yana buɗe baki ko ba ya ƙarƙashin fitilar da ke ɗumama shi, jiya har kumfa na gani a hancinsa. Wani ya ce in narka maganin kaji in ɗura masa. Hankalina ya tashi ƙwarai, me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kana da dalilin tashin hankali. Buɗe baki a ƙarƙashin fitila ɗabi'arsu ce, haka suke rage zafin jiki, ba abin damuwa ba ne. Amma buɗe baki a gefen sanyi, ga kumfa a hanci, ga ƙin abinci, wannan alamun ciwon huhu ne. Kasa kunne da dare, mai yiwuwa ka ji wani ɗan ƙas-ƙas idan yana numfashi. Ƙadangare ba ya iya tari kamar ni da kai, don haka majinar da ta taru a huhunsa ba ta da mafita. Maganar kwanaki ce, ba ta makonni ba. Nemi likitan dabbobi yau ko gobe, idan kuma ba ka samu wanda ya saba da masu jan ciki a kusa ba, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato bai yi maka nisa ba.

Yanzu bari in zo kan feshin nan, domin shi ne ya kai ka inda kake, kuma na gaji da jin wannan tatsuniya. Kusan duk wanda ya kawo mini irin wannan dabba da matsalar numfashi, idan na tambaye shi sai in tarar akwai gorar feshi a gefen akwatin. Wa ya ce ka yi? Mai sayarwa. Shi wa ya gaya masa? Wani bidiyo a TikTok, ko wani a WhatsApp da bai taɓa riƙe ƙadangare na shekara guda a raye ba. Malam, wannan dabba da baki take sha. Fatarta an halicce ta ne don ta riƙe ruwan da ke cikin jiki, ba don ta tsotso na waje ba, in ba haka ba da ba ta rayu a busasshen tsakiyar Ostareliya ba. Wasu kuma cewa suke ta dubura yake zuƙa idan aka tsoma shi a roba. Shi ma zance ne. Idan ka ga ya amfana da wanka, to ya sunkuyar da kai ne ya sha. Akasarin ruwan da yake bukata yana samunsa daga ganye da ƙwarin da yake ci.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. Akwai masu jan ciki na dazuzzuka masu lema, kamar wasu nau'in hawainiya, waɗanda digon ruwa a kan ganye suke lasa, su kam ana yi musu feshi. Sai mai sayarwa ya ɗauki dokar wannan ya ɗora wa wancan, tunda a wurinsa duk mai sulɓi da wutsiya ƙadangare ne. Abin da mai gemu yake so shi ne laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 da rana. Ta ɗan haura da dare ba laifi, muddin akwai iska mai shiga da fita. Da hunturu iskarmu kan bushe har ƙasa da kashi 20, shi ya sa feshinka bai nuna illa ba, kafin ka juya ya ƙafe. A watan Agusta kuwa, kusa da fadama, iskar ɗakin kanta ta wuce abin da yake so tun ba ka ƙara komai ba. Ka zo ka ƙara ruwa sau biyu a rana cikin rufaffen gilashi mai ɗumi. Ai gidan ƙwayoyin cuta ka gina masa. Kuma ba huhu kaɗai ba, akwai wata cutar fata mai sa tabo ruwan ɗorawa da ɓawo, wadda jiƙaƙƙen wuri mai datti ke taimaka wa, maganinta kuma wahala ne da shi. Garin neman gira ake rasa ido a nan.

Maganin kaji kuma, don Allah kada ka kusance shi. Babban mai gemu nauyinsa bai cika wuce rabin kilo ba, ana ɗora shi a sikeli ne a lissafa magani daidai nauyinsa, sau da yawa ma allura ce. Wasu magungunan suna lalata ƙoda idan jikin dabba ya bushe. Ɗura ruwa a bakin mai fama da numfashi kuwa hanya ce ta tura shi cikin huhu kai tsaye.

Kafin ka ga likita, gyara akwatin. Gumin gilashi ya riga ya gaya maka laima ta yi yawa, amma kada ka dogara da ido. Sayi ma'aunin danshi mai nuna lamba, ba mai allura da ake mannawa a bango ba, ka ajiye shi tsakiyar akwatin kusa da ƙasa, nesa da fitila. In kana shakkarsa, jiƙa gishiri a murfin kwalba ba tare da ya narke ba, ka rufe shi tare da ma'aunin cikin leda ko mazubi mai murfi su kwana. Ya kamata ma'aunin ya nuna kashi 75, abin da ya saɓa sai ka riƙa cirewa ko ƙarawa. Murfin sama ya zama na raga, ba gilashi ko katako ba. Kwashe duk shimfiɗar da ke riƙe ruwa, dusar katako ko ɓawon kwakwa, ka sa tayil ko jarida. Kwanon ruwa ƙarami ya isa, a gefen sanyi, domin a ƙarƙashin fitila tururi kawai yake zama. Ragowar ganye kada ya kwana a ciki.

Sai ka dubi ɗakin kansa. Idan nan ake shanya idan an yi ruwa, ko akwai randa, ko kuna kunna na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, to canza masa ɗaki. Esi tana busar da iska, mai ruwan nan kuwa jiƙa ta take yi. Fanka ma tana taimakawa, amma kada ta busa shi kai tsaye.

Zafi da laima tare suke tafiya. Wurin shan ɗuminsa ya kai digiri 38 zuwa 42, gefen sanyi kuma 24 zuwa 29. Ranakun da hadari ya rufe kuma wuta ta ɗauke, akwatin kan yi sanyi ga lema, nan ne garkuwar jikinsa ke faɗuwa. Idan kana da sola ko inbata, fitilarsa ta shiga layin farko. In rana ta fito, fito da shi cikin kejin raga mai inuwa a gefe guda, kana tsaye a kansa. Kada ka taɓa fito da shi cikin gilashin, cikin mintoci kaɗan zai dahu.

Idan hunturu ya dawo za ka ga saɓa tana maƙalewa a yatsu da ƙarshen wutsiya, har ta iya shaƙe jini. Nan ma ba feshi ba ne magani. Zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi a roba iya kafaɗarsa, ya zauna minti 10 zuwa 15, ka tsane shi da tawul sosai, ka mayar da shi ƙarƙashin fitila. Amma wannan sai ya warke. A halin da yake ciki yanzu, babu wanka. Ranar zuwa asibiti ka sa shi a kwali mai huji da busasshen tawul, ka tafi da hoton akwatin da lambobin da ma'aunin ya nuna safe da dare.